RA'AYINMU: Karen Bangon Littafi da Karen Bayan Katanga

 

Duk mai lura da jakunkuna da bangon littattafan ɗalibai a 'yan shekarun nan zai ga wani kare ya yi kaka-gida a kansu. Gajere ne kamar an danne shi, kunnuwansa a miƙe irin na yanyawa, launinsa ja da fari, bakinsa kullum a buɗe kamar mai dariya. Yana jikin jakar gwanjo, yana cikin sitikar WhatsApp da muke tura wa juna lokacin hutu, wasu 'yan ajin zane kuwa ko an rufe musu ido za su iya kwafe shi. Sunansa korgi. A kula, ba shi da dangantaka da Jihar Kogi, balle kogin Kwara.

Mu a ƙungiyar 'yan jarida ba mu da ja a kan kyawun hoton. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne, hannun da zai ɓata rabin awa yana shafa wa korgi launi a takarda, shi ne kuma zai duƙa ya ɗauki dutse da zarar wani ramammen kare ya ɓullo bayan kicin lokacin tara. Ra'ayinmu a taƙaice: hotunan korgi sun yi kyau ne domin waɗanda suka fara zana su sun zauna da karen, sun san shi, sun ji tausayinsa. Idan muka kwafi hoton muka bar tausayin, mun ɗauki ɓawo mun yar da gyaɗar.

Makiyayi ne kafin ya zama ɗan gata

Asalin korgi yankin Wales ne a Birtaniya, ƙasar tuddai da ruwan sama da sanyi. Sunan ma daga harshen mutanen Wales ya fito, ma'anarsa wadan kare. Iri biyu ne, akwai na Pembroke da na Cardigan, kuma tun 1934 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Birtaniya ta raba su a rajista. Wanda muka fi gani a hotuna shi ne na Pembroke. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 25 zuwa 30 ne, wato doguwar rular da muke ja layi da ita ta kamo shi. Nauyinsa kuwa kilo 10 zuwa 12 ne idan ba a lalata shi da ciye-ciye ba.

Gajartar nan da ke ba mu dariya, ita ce kayan aikinsa. Manoman Wales sun yi ɗaruruwan shekaru suna kora shanu da shi. Yakan bi saniya ta baya ya ɗan cije ta a dunduniya, idan ta kai harbi sai ya lafe ƙasa, ƙafar ta wuce ta saman kansa. Dogon kare da zai gwada haka, haƙoransa ne za su zube. Ke nan wannan da muke gani da hular biki a sitika, ɗan'uwan karen da ke bin garken Fulani ne a sana'a. A cikin laka da kashin shanu ya samu suna, tun kafin ya san kafet.

Zama tare ne ya haifi hoton

Wadda ta fito da korgi duniya ta san shi ita ce marigayiya Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Biyu, wadda ta ziyarci Najeriya a 1956 da kuma 2003. A 1933, tana yarinya 'yar shekara 7, mahaifinta ya kawo wani korgi gida mai suna Dookie. Da ta cika shekara 18 a 1944 aka ba ta kyautar wata karya mai suna Susan. Shaƙuwarsu ta kai ga ko da aka ɗaura mata aure a 1947, da Susan aka yi tafiyar amarci. Susan ta mutu a 1959, aka binne ta a gidan sarauta na Sandringham, aka kafa dutse mai ɗauke da sunanta. Sarauniyar ta riƙe korgi sama da 30 a rayuwarta, akasarinsu jikoki da tattaɓa-kunnen Susan, har zuwa kan Willow wadda ta mutu a 2018. Ranar 19 ga Satumba, 2022, da aka kawo gawar Sarauniya fadar Windsor, an fito da karnukanta biyu, Muick da Sandy, suna tsaye a farfajiya. Hoton nan ya zaga duniya.

Saboda haka lokacin da mai zane Michael Leonard ya zana Sarauniya a 1986 cikin riga ruwan ɗorawa, da korginta mai suna Spark a gefenta, abin da ya sa a allo shaƙuwa ce ta fiye da shekara 50. Haka ma Tasha Tudor, wata Ba'amurkiya mai zana littattafan yara. Ta shafe shekaru masu yawa a gidan gona tare da korgi kafin da bayan ta fitar da littafinta Corgiville Fair a 1971. Ta san yadda yake kwanciya rub da ciki ya miƙe ƙafafun baya, da yadda yake karkata kai idan bai gane magana ba. Irin wannan sani a waya ba a samunsa. Sai ka ciyar da dabba, ka share ƙazantarta, ka kwana da damuwa ranar da ta ƙi cin abinci.

Shi ya sa idan Bature ya ga zanen korgi ya yi shiru, yawanci wani kare yake tunawa, wanda ya tarye shi a ƙofa shekara 12 ko 13, don iyakar abin da suka saba rayuwa ke nan. Zanen yana riƙe masa abin da mutuwa ta ɗauke. Mu kuwa da muka tsinci hoton a intanet, me muke tunawa?

Abin da hoto ba ya faɗa

Akwai dalilin da ya sa zanen korgi ke saurin shiga rai. Tun 1943 wani masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, ya bayyana cewa duk halittar da ke da babban kai, manyan idanu da gajerun gaɓoɓi tana tayar wa ɗan Adam irin tausayin da yake ji idan ya ga jariri. Masu zanen kasuwa sun san wannan sirri. Sai su ƙara wa korgi girman ido, su rage masa ƙafa, su kumbura masa kumatu, domin jaka ta sayu. Ku ɗauki sitika ku kwatanta da hoton kare na gaske, za ku ga bambancin da idonku.

Ga abin da sitika ta ɓoye. Korgi yana da haushi, kuma muryarsa ta fi jikinsa. Gashinsa rufi biyu ne, yana zuba kullum, sau biyu a shekara kuma ya zube da yawa. Halin kora shanu bai bar shi ba, don haka yakan bi yara masu gudu ya kai musu cizo a dunduniya. Ita kanta Sarauniya a 1991 ta shiga raba faɗan karnukanta, aka cije ta a hannu sai da aka yi mata ɗinki uku. Gajartar ƙafar kuma wani canji ne a ƙwayoyin gado da ke hana ƙashin ƙafa tsawo, kuma dogon baya a kan gajerun ƙafafu yana jawo ciwon ƙashin baya, musamman idan karen ya yi ƙiba. So hana ganin laifi, in ji Hausawa, amma mai riƙon dabba dole ya ga laifin, don shi zai biya kuɗin magani.

Mu duba kuma yadda yayi ke wasa da rai. A 2014 'yan kwikwiyon Pembroke 274 kacal aka yi wa rajista a Birtaniya, har aka sa shi cikin jerin karnukan gida da ake fargabar su ƙare, domin duk irin da ya gaza 300 a shekara nan ake sa shi. Sai fim ɗin The Crown mai ba da tarihin Sarauniya ya fito a 2016, hotuna suka cika intanet, kafin 2018 ta wuce an cire shi daga jerin. Karen bai canja ba, idon mutane ne ya juyo. Idon da ya juyo yau kuwa gobe yana iya juyawa, ya bar dabbar da aka saya don burga a hannun wanda bai shirya ɗawainiyarta ba.

Don haka muna ba wa abokanmu masu cewa "wallahi in na yi kuɗi sai na sayi irin wannan" shawara su sake tunani. Karen da aka halitta da bargo biyu a jiki don sanyin Wales, yaya zai yi da watan Afrilu a nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga wuta ba ta tsayawa? Wanda ya kawo shi don ya ɗauki hoto, azaba ya saya masa.

Namu fa, wa zai zana su?

Wani zai ce ai mu ba mu da irin wannan shaƙuwa da dabbobi. Wannan magana ba ta da tushe. Wane gida ne ba a taɓa samun yaron da ya ɓuya a ɗaki yana kuka ranar Babbar Sallah ba, saboda ragon da ya yi wata biyu yana ba dusa? Wa bai san akuyar da ke gane muryar mai ita a cikin awaki 50 ba? Akwai masu tattabaru a cikinmu da suka san kowace da sunanta. Akwai waɗanda kyanwar gidansu ta haihu a cikin kwandon kayan kakarsu, aka hana kowa taɓa kwandon har 'ya'yan suka buɗe ido. 'Yan uwanmu da suka taso a ruga sun san karen da ke kwana bakin garke yana sauraron motsin dare. Waɗanda iyayensu mafarauta ne sun san ba a banza aka ce karen bana shi ke maganin zomon bana ba.

Tunanin yana nan jibge a zukatanmu. Abin da babu shi ne wanda ya ɗauke shi da daraja har ya sa shi a takarda. Mun saba ganin cewa abin da ya cancanci zane sai wanda ya fito daga waje.

Ga wani abin da ya kamata ya ba mu kunya. A kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali akwai wani dogon kare siriri mai gudun tsiya, wanda Buzaye da maƙwabtansu makiyaya ke riƙewa don gadi da farauta. Turawa sun fara kwasarsa zuwa ƙasashensu tun shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin cikakken jerinta da sunan Azawakh. Can ana ɗaukarsa hoto, ana zana shi, ana gasar kyau da shi. Nan kuwa masu kama da shi suna yawo a bola, muna bin su da danƙo. Sai Bature ya yaba kayanmu sannan za mu san yana da kyau?

Masu ja da mu

Mun san ba kowa zai yarda da mu ba, kuma hujjojin masu ja ba na wasa ba ne.

Na farko za su ce addini bai yarda da wasa da kare ba. Mu ɗalibai ne, fatawa ta malamai ce. Amma abin da aka koya mana a aji shi ne, an halatta riƙe kare don kiwo da farauta da gadin gona, an kuma yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. A mazhabar Malikiyya da akasarin mutanenmu ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wasu mazhabobin kuma sun fi tsanantawa. Ba mu ce kowa ya kai kare ɗakin kwanansa irin na Turawa ba. Sai dai a wane littafi aka ce a jefe shi yana kwance a inuwa bai yi wa kowa komai ba? A darasin hadisi mun ji labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa, da matar da ta shiga azaba saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha. 'Yan uwanmu Kirista ma an koya musu cewa mutumin kirki yana kula da ran dabbarsa. Nisantar kare abu ne daban, zaluntarsa abu ne daban.

Haka nan mun san akwai saɓanin malamai a kan zana abu mai rai, kuma akwai ɗalibai da iyayensu suka hana su. Muna girmama wannan. Wanda ba zai zana ba, alƙalami bai hana shi siffantawa da kalmomi ba, kuma sau da yawa rubutu ya fi zane kama hali.

Na biyu za su ce mutane na fama da tsadar abinci, ku kuna maganar karnuka. Gaskiya ne, kuma da muna kira a sayo wa kare nama ne da sun ci mu da hujja. Amma barin jifa ko sisi ba ya ci. Tausayi kuma ba tuwo ba ne da zai ƙare idan an ɗibar wa wani. Yaron da ya saba jin daɗin kukan dabba, wa ya tabbatar mana zai tsaya a kan dabba? Duk mun san yadda wasu manya ke yi wa 'yan aji ɗaya a ɗakin kwana. Zuciya ɗaya ce ke aikin biyu.

Na uku, kuma mafi nauyi, za su ce karnukan nan suna da haɗari. Wannan haka yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in ƙannenmu na ƙananan azuzuwa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira. To amma dutse yana maganin wannan? Karen da aka ritsa a lungu ana jifa shi ya fi saurin kai cizo. Abin da masana suka tabbatar yana karya ciwon shi ne yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi, kuma a nan gida Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan allura. Korgin Sarauniya bai fi namu tsarki a halitta ba. Yana da mai shi, yana da likita, shi ke nan bambancin.

Abin da muke roƙo

Ba za mu tsaya a surutu ba. Ga buƙatunmu guda huɗu.

Na ɗaya, daga fitowa ta gaba za mu ware gefe guda na wannan allo mu sa masa suna "Dabbar Gidanmu". Kowa na iya kawo zane ko rubutun da bai wuce layi 20 ba, a kan dabbar da ya taɓa zama da ita: akuya, jaki, kyanwa, zabo, kare, ko ma kunkuru. Sharaɗi ɗaya ne, ban da kwafe daga waya. Muna son mu ga yagaggen kunnen, mu ji sunan da kuka sa mata da dalilin sunan, da abin da ya faru ranar da aka sayar da ita ko ta mutu. Zanen da bai daidaita ba amma na gaske ya fi mana korgi 10 da aka kwafa tsaf.

Na biyu, muna roƙon malamanmu na zane da na aikin gona su riƙa fitar da mu waje lokaci-lokaci, mu zauna mu kalli dabba mai rai na minti 15 kafin mu ɗora fensir. Gani ya kori ji, kuma wanda ya ƙura wa dabba ido ya ga haƙarƙarinta na motsi da numfashi, da wuya ya tashi ya jefe ta.

Na uku, muna kira ga shugabannin ɗalibai su ɗauki jifan dabba a matsayin laifi kamar fasa taga. A rufe ragowar abinci a bayan kicin, don shi ke jawo karnuka cikin makaranta. Wanda ya ga baƙon kare yana dalalar da yawu, ko yana tangaɗi, ko yana kai cizo ba dalili, kada ya matsa kusa, kada ya tara jama'a, ya sanar da malami nan take.

Na huɗu, muna roƙon hukumar makaranta ta gayyato likitan dabbobi ya yi mana bayani a taron safe, ko da sau ɗaya a shekara. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ta dace da wannan. Kafin nan, kowa ya haddace wannan ya kuma koya wa ƙannensa a gida: idan kare ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a ɓoye don tsoron faɗa, kada a tsaya shafa toka ko ganye.

Mutanen Wales sun ɗauki gajeren karen kiwonsu da daraja, suka riƙe shi, suka ba da labarinsa, har ya kai fada, daga fada ya kai ko'ina. Ba wanda zai yi wa dabbobinmu wannan hidima idan mu ba mu yi ba. Akwatin ƙungiya yana nan inda kuka san shi. Mai zane ya kawo zane, mai rubutu ya kawo rubutu, wanda kuma yake ganin mun kauce ya rubuto martani, za mu manna shi a nan ba tare da mun taɓa ko harafi ɗaya ba.

Sai mun ji daga gare ku. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya sa tausayi a zukatanmu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta